Ga mai son tuƙin babbar mota a Japan

Ƙanena, ka ce ka kalli wani tsohon fim na direbobin manyan motoci masu ado da fitilu, kana tambaya ko aikin yana nan kuma ta ina ake shigarsa.

Torakku Yaro ne ka gani, na kamfanin Toei. Kashi goma aka yi tsakanin 1975 da 1979, Norifumi Suzuki ne ya ba da umarni. Bunta Sugawara ya fito a Momojiro, gwauro mai saurin hannu, duk garin da ya sauka sai ya faɗa soyayya, ya tashi a tutar babu. Kinya Aikawa ne abokinsa Jonathan, mai tulin 'ya'ya. Yawanci ana rufewa da tsere, 'yan sanda a baya, don kaya su isa a kan kari. Irin motocin ana ce musu dekotora. Masu jigilar kifi ne suka faro su, suna lulluɓe jikin mota da ƙarfen da ba ya tsatsa saboda ruwan gishiri.

Fim ne mai daɗi, amma kada ka auna aikin yau da shi. Direban yanzu ma'aikacin kamfani ne. Kafin ya tashi sai an gwada numfashinsa ko ya sha giya, na'ura kuma tana rubuta gudunsa. Tun Afrilun 2024 aikin ƙarin lokaci ba ya wuce awa 960 a shekara. Wannan ya ƙara ƙarancin direbobi, kuma a Maris na shekarar aka sa tuƙi cikin bizar Tokutei Gino, wato bizar aiki ta baƙi masu ƙwarewa a wasu sana'o'i.

Abu uku ake nema: Japananci matakin N4 (mataki na biyu daga ƙasa a jarrabawar harshen), jarrabawar sana'ar, da kamfanin da zai ɗauke ka. Bayan waɗannan akwai lasin tuƙi na Japan, kuma a nan ne mutane suka fi maƙalewa. Kafin a musanya maka naka da na Japan sai ka nuna ka zauna wata uku a ƙasar da ta ba ka bayan ka karɓa, ka kawo fassararsa, sannan ka ci gwaji. Daga Oktoban 2025 tambayoyin gwajin dokokin hanya sun koma 50, sai ka ci 45. A hagu ake tuƙi, kuma masu gwaji ba sa yafe rashin tsayawa cak a alamar tsayawa.

Duk dillalin da ya ce maka akwai biza ta musamman ta 'yan Najeriya zuwa birnin Kisarazu na Japan, kuɗinka yake so. Gwamnatin Japan ta ƙaryata zancen tun Agustan 2025.