Na Tafi da Fayilolin Majinyata Saboda An Riƙe Mini Albashi

Tambaya: Malam, ni likita ne. Na yi shekara huɗu a wani asibitin kuɗi, muka ɓata da mai asibitin, ya riƙe mini albashin wata biyar. Da zan bar aiki na kwashi fayilolin masu ciwon suga da hawan jini da nake dubawa, sauran na ɗauki hotonsu a waya. Wani ya ce mini halal ne, tunda ina bin sa bashi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya fitar maka da hakkinka. Riƙe albashin ma'aikaci zalunci ne, babu saɓani.

Hukuncin ya rataya ne a kan kalmar da ka faɗa da bakinka: albashi. Kai ma'aikacinsa ne, lokacinka ya saya, a kan katinsa ka yi rubutu. Da ɗaki ka kama haya kana karɓar kuɗinka da kanka, da magana ta canza. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ma shugaban asibiti ta ɗora wa nauyin ajiye bayanan.

Wanda ya ba ka fatawa ya dogara ne da mas'alar zafar, wato mutum ya ɗebi hakkinsa daga dukiyar wanda ya zalunce shi, kamar izinin da aka ba Hindu matar Abu Sufyan. To amma Hindu dukiyar mijinta ta ɗiba, daidai bukatarta da ta 'ya'yanta. Kai me ka ɗiba? Takardar ta asibiti ce, sirrin da ke ciki kuwa na majinyaci ne, kuma shi bai ci maka ko kwabo ba. Malikiyya da suka halatta zafar sun sharɗanta amintuwa daga fitina. Ina amincin yake idan tsohuwa ta zo sugarta ta hau, aka nemi fayil a ga allurar da take yi, aka tarar yana bayan motarka? Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Brunei a 1993, ta tabbatar da wajibcin kiyaye sirrin majinyaci, kuma bashi ba ya cikin uzurorin da ta ambata.

Ka mayar da fayilolin a gaban shaidu biyu, a rubuta, a sa hannu. Hotunan ka goge su yau. Waya yara na ɗauka, ɓarawo na fizgewa. Kada ka bi lambobin kana kiran mutane zuwa sabon wurinka. Wanda ya neme ka da ƙafarsa ka duba shi, shi zai nemi kwafin bayanansa, kuma bai halatta mai asibitin ya hana shi don ya huce haushinka ba.

Albashinka kuwa, fara da dattawan da yake jin nauyinsu. In ya ƙi, kotun ma'aikata tana nan. Allah ne mafi sani.