Ba duk ɗarikun Kirista ne ke Kirsimeti ranar 25 ga Disamba ba

Ka tambaya ko duk Kiristoci rana ɗaya suke bikin Kirsimeti. A'a. Katolika, Angalikan, Lutaran da yawancin Baftis suna yi ranar 25 ga Disamba. Otodoks na Rasha da Sabiya, da Kibɗawan Masar da cocin Habasha, sai 7 ga Janairu. Cocin Armeniya 6 ga Janairu. Shaidun Jehobah kuwa ba sa yi sam, don a ganinsu Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar Yesu ba, bai kuma ce a yi bikinta ba. Mutuwarsa kawai suke tunawa, sau ɗaya a shekara, ranar 14 ga Nisan, wata a kalandar Yahudawa, bayan faɗuwar rana.

Inda ake rikicewa shi ne na 7 ga Janairu. Ba saɓanin aƙida ba ne, lissafin kalanda ne. Cocin Rasha na bin tsohuwar kalandar Juliyas, wadda yanzu take bayan wadda Fafaroma Giregori ya gyara a 1582 da kwana 13, don haka a wurinsu ranar ce 25 ga Disamba. Kuma kada ka yi wa Otodoks kuɗin goro: na Girka tare da Katolika suke Kirsimeti, amma Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, a tsohon lissafi suke yi.