Diraya mai tsada za ta hana gashina karyewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Kusan kullum da safe nakan jiƙa gashina in busar da shi da diraya kafin in fita aiki. Dirayar ta kai shekara shida a hannuna, yanzu in na kunna ta har ƙauri nake ji. Wata huɗu ke nan gashin yana karyewa, in na taje sai in ga guntaye a kafaɗata, kuma tsakiyar kaina na yi mini zafi-zafi in na taɓa. Wallahi hankalina ya tashi. An ce in sayi irin masu tsadar nan, wai ba sa ƙona gashi, har ma suna gyara wanda ya lalace su sa sabo ya tsiro. Na tara kuɗin, amma ina tsoron in zuba su a banza. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki. Guntayen da kike gani a kafaɗa karyewa ce, kuma gashin da ya karye a tsaka saiwarsa na nan da rai, zai sake fitowa. Wanda ya zube daga tushe shi ne za ki ga dogo da ɗan farin kai a ƙarshensa, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne.

Tsohuwar dirayar kuwa, ki ajiye ta yau. Ƙaurin nan ko dai ragar bayanta ce ta toshe da ƙura da gashi har iska ba ta wucewa sosai, zafi na taruwa a ciki, ko kuma gashinki ne da kansa ke toyuwa. Ki buɗe ragar ki share. In ƙaurin bai tafi ba, ta gama aiki.

Mai tsadar tana da abin da ta fi da shi, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Mai araha da zafi take busarwa, mai kyau da ƙarfin iska. Dyson Supersonic da ta fito a 2016, alal misali, injinta na juyawa har sau 110,000 a minti ɗaya, kuma tana auna zafin iskar sau da yawa a kowace daƙiƙa don kada ya zarce inda aka saita shi. Wannan aunawar ita ce abin da kike biya wa kuɗi. Akwai wasu kamfanonin da ke yin irin wannan yanzu. Abin da ake rubutawa na "ayon" a jikin kwali kuwa, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da dirayar ke fitarwa tare da iska, iyakarsa rage tashin gashi da mannewarsa a mataji. Yana da daɗi, amma ba magani ba ne.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato wai diraya na gyara gashi. Ba mako da zai wuce ban ji wannan zancen a ɗakin duba marasa lafiya ba, kuma na gaji da shi. Gashin da ya riga ya fito daga fata matacce ne. Babu jini a cikinsa, babu jijiya, shi ya sa almakashi ba ya sa ki kuka. Abin da ba shi da rai ba ya warkewa. In bakin sili ya tsage, ya tsage ke nan har ranar da za a datse shi. Man da ake shafawa yana liƙe tsagar ne na ɗan lokaci, wanki ɗaya ya tafi. To iska mai zafi da ke fitowa daga bakin roba ta yaya za ta ɗinke abin da ya yage? Saiwa kuma tana can cikin fata tana aikinta, kusan santimita ɗaya a wata, ko kin sayi diraya ko ba ki saya ba. Duk wanda ya ce miki na'urarsa na "ciyar da saiwa" da wani haske ko wani dutse da aka saka a ciki, romon baka yake yi miki don ki buɗe jaka.

Da a asarar kuɗi kawai abin ya tsaya, da ban ɗaga murya ba. Illar ita ce abin da wannan imanin ke sa mutane yi. Macen da ke tsoron tsohuwar dirayarta tana riƙe ta nesa-nesa. Ranar da ta sayi mai tsada aka ce mata "wannan ba ta ƙonawa", sai tsoron ya fita, ta kai maɓallin ƙarshe, ta kafa bakin a jikin gashi jiƙaƙƙe sharkaf, ta tsaya wuri ɗaya. An gudu ba a tsira ba.

Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa mini da sabuwar dirayarta a jaka, har da kwalinta, don ta nuna mini cewa ba daga ita ba ne. Na ciro sili biyu daga inda gashin ya gutsire na ɗora a madubin ƙara girma, na juya mata ta leƙa. Cikin silin duk ramuka ne, kumfa-kumfa kamar soso. Ruwan da ke cikin gashin ne ya tafasa, tururi ya kumbura shi daga ciki, sai ya riƙa ɓallewa a daidai wuraren. Ta yi shiru can ta ce, "To ai cewa suka yi tana da na'urar kariya." Tana da ita, amma zafin iskar kawai na'urar take aunawa, ba ta san tsawon lokacin da kika tsaya a wuri ɗaya ba, ba ta kuma san cewa gashin ya sha rilaksa wata biyu da suka wuce ba.

A 2011 masu bincike a Koriya ta Kudu sun gwada wannan da ma'auni. Diraya ɗaya ce, amma a tazarar santimita 15 zafin da ya isa gashi digiri 47 ne, a santimita 10 ya kai 61, a santimita 5 ya haura zuwa 95. Tsakanin lafiya da ɓarna ɗan tsawon yatsa ne kawai. Ɓawon gashin ya fi farfashewa gwargwadon ƙaruwar zafin. Abin mamaki kuma, gashin da aka bari ya bushe da kansa ya samu wata illar daban a cikinsa saboda daɗewa da ruwa, har suka ce busarwa daga santimita 15 ana motsa hannu ta fi barin shi jiƙe. Ke nan hannun mai riƙewa ya fi sunan kamfani muhimmanci.

Sai batun "kullum" da kika faɗa. Gashi mai murɗe-murɗe ba ya son haka. Silinsa a baje yake, ba zagayayye ba, kowace lanƙwasa wurin rauni ce, kuma maiƙon fatar kai ba ya gangarowa har baki cikin sauƙi. Jiƙa shi da busar da shi sau bakwai a mako na sa shi kumbura da tsukewa har ya gaji. Ki mayar da wanki sau ɗaya a mako, ko biyu in kina yawan gumi. Ki tsane ruwan da tawul ta hanyar dannawa, kada ki goge. Ki fesa man kariyar zafi, ki sa matsakaicin zafi, ki bar tazarar kusan taƙi ɗaya, hannu na yawo. In fatar kanki ta ji zafi, gashin ya riga ya ji fiye da haka. Kada kuma ki dulmuya gashin da mai sannan ki bi shi da zafi wai don man ya shiga. Soya shi kike yi.

In za ki saya, ki duba cewa maɓallin zafi daban yake da na iska, akwai na iska mai sanyi, ragar baya na cirewa, kuma nauyinta ba zai gajiyar da hannu ba. Ki karanta ƙarfin wutar da aka rubuta: wadda aka ƙera don bolt 120 na Amurka ba ta jure wutarmu ta bolt 220 zuwa 240, kuma da yawa daga masu tsadar ba sa ɗaukar duka biyun. Ki riƙa zare ta daga soket bayan amfani, don ko a kashe take, in ta faɗa ruwa tana jone wutar na nan.

Zafin tsakiyar kan nan shi ne ban so ki raina ba. Akwai wani nau'in sanƙo da ke farawa daga tsakiyar kai yana faɗaɗa, ya fi kama mata baƙar fata, kuma yana barin tabo a fata. Inda tabo ya zauna saiwa ta mutu, babu man da zai dawo da ita. Ba na cewa shi ne ke damunki, ban gan ki ba. Amma karyewa a tsakiyar kai tare da zafi ko ƙaiƙayi na cikin alamominsa na farko, kuma a wannan matakin ne magani ke iya tsayar da shi. Ki ɗebi wani abu daga kuɗin da kika tara ki ga likitan fata a makon nan, ki tafi da gashin a tsefe ba mai, ki kuma haɗa da 'yan guntayen a takarda ya duba. Sayen dirayar ya jira har ki ji abin da ya ce.