Za mu iya zuwa duwatsun Rumsiki a watan Agusta?

Tambaya: Salamu alaikum malam, mu huɗu ne ɗalibai a Marwa, arewacin Kamaru, muna son mu yi Asabar da Lahadi a duwatsun Rumsiki cikin wannan dogon hutun, da jakunkunanmu a baya mu kwana can. Zai yiwu kuwa? Me za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙannena. Zai yiwu, amma ku sani Agusta tsakiyar damina ce, kuma gaskiya lokacin ne duwatsun Mandara, inda Rumsiki take, suka fi kyau, ko'ina kore shar, gero ya tashi a gonakin nan na gangaren dutse da mutanen Kapsiki suke tare ƙasarsu da jerin duwatsu. Sai dai kyan nan da haɗarinsa yake zuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, za ka tsallake shi da safe yashi ne kawai, ruwa ya sauka can saman dutse ba ka ma gani ba, kafin la'asar ya cika ya kawo yana jan itace, to wallahi kar ku shiga ko da iya gwiwa kuke ganinsa, ku zauna ku jira ya janye. In hadari ya haɗo kuma ku sauko daga kan tudu, kar a fake ƙarƙashin bishiyar da take ita kaɗai saboda tsawa.

Daga Marwa zuwa Mokolo kusan kilomita 80 ne, daga nan zuwa Rumsiki kamar 50 da 'yan kai, kuma wannan guntun da damina yakan ci lokaci sosai, ku fita da sassafe. Yankin yana bakin iyakar Najeriya, kun san halin tsaro a Mayo-Tsanaga, gundumar da Mokolo da Rumsiki suke ciki, don haka ku tambayi jandarma a Mokolo kafin ku wuce, kowa da katin shaidarsa a aljihu. In suka ce a dakata, ku dakata kawai.

Kuna isa ku fara gaida mai gari, ku nemi ɗan jagora ɗan wurin, shi ya san hanyar da ba ta santsi da inda ba a taka wa mutane, don akwai wuraren da suke girmamawa. Dogon dutsen nan mai tsini da ake ɗauka a hoto, ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne, kallonsa ake yi a zagaya shi, ba a hawansa hannu rabbana.

Kaya kuwa kar ku cika. Ruwa lita 3 zuwa 4 kowane mutum a rana, takalmi rufaffe saboda kububuwa, ledar ruwa, tocila, gidan sauro, kilishi da dabino da gyaɗa, da rigar sanyi ɗaya don dare can sama akwai sanyi. Ni da za ku ji tawa, ku kwana cikin gari ku yi yawon da rana, kwanan dutsen ku bari sai Disamba.