Amsa ga Ɗalibina Kan Horon Tiyatar Kafaɗa da Gwiwar Hannu

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta takardarka, inda ka ce ka kusa kammala horon tiyatar ƙashi, kana son ka ƙara shekara guda a ƙasar waje domin ka ƙware a kan kafaɗa da gwiwar hannu, kuma kana tambaya ko ka nemi cibiyar da ta yi suna wajen tiyatar kyamara da dasa gaɓar ƙarfe, tunda su ake yayi yanzu. Na yi murna da tambayar ƙwarai, domin yawancin yaran da suka bi ta hannuna ƙugu da gwiwar ƙafa da ƙashin baya suka nufa, hannu kuwa aka bar shi kamar maraya. Shawarata ita ce ka tafi, amma ka zaɓi wurin da za a koya maka gane wanda ya kamata a yi wa aiki da irin aikin da ya dace da shi, ko da sunan wurin bai kai na wasu ba.

Ka san yadda kan ƙashin damtse yake zaune a kan ɗan kwarmin allon kafaɗa: kamar tulu ne a kan gammo, babban abu a kan ƙaramin mazauni. Abin da ke riƙe shi shi ne leɓen guringuntsi da ya kewaye kwarmin, da jakar gaɓar, da tsokoki huɗu da suka yi masa ƙawanya. Wannan ne ya sa hannu yake kaiwa ko'ina, shi ne kuma ya sa a cikin manyan gaɓoɓi babu wadda ta kai kafaɗa yawan gocewa, galibi ta gaba. A 1923 Bankart na Ingila ya bayyana cewa leɓen nan ne ke ɓallewa daga bakin ƙashi, kuma a yau da kyamara ake mayar da shi ta 'yan hudoji biyu ko uku. Aiki ne mai kyau, kuma dole ka iya shi. Sai dai a shekarar 2000 Burkhart na Amurka da De Beer na Afirka ta Kudu suka bi marasa lafiya 194 da aka yi wa wannan gyara da kyamara, suka tarar cewa a cikin waɗanda ƙashinsu bai zaizaye ba kashi 4 cikin 100 ne kafaɗarsu ta sake gocewa, a cikin waɗanda ƙashin ya zaizaye sosai kuwa kashi 67 ne. Hannun likitocin bai canza ba, zare ɗaya ne, bambancin yana ga wanda aka kwantar a kan tebur.

To, ka tuna irin mutanen da ke zuwa mana. Saurayi ne ɗan dambe ko mai dakon kaya, kafaɗarsa ta goce sau goma ko fiye, har ya koyi mayar da ita da kansa, bakin kwarmin kuwa ya cinye kamar tsohon turmi. Wannan aikin Latarjet yake bukata, wanda Latarjet, wani likitan birnin Liyon na Faransa, ya bayyana a 1954: a yanko ɗan ƙashin nan mai kama da bakin hankaka tare da jijiyar tsokar da ke maƙale da shi, a ratsa da shi ta tsakiyar tsokar gaba, a kafe shi a bakin kwarmin da ƙusoshi biyu. Zarto da abin huda ƙashi da ƙusoshi biyu, kayan ke nan, kuma babu asibitin ƙashi da ba shi da su. Amma manyan jijiyoyin da ke motsa hannu suna nan dab da wurin, kuma idan ɗan ƙashin ya zarce bakin kwarmin ko da kaɗan ne, zai riƙa gugar kan damtse har gaɓar ta lalace. Irin wannan aiki sai an tsaya kusa da gwani sau da yawa, sannan shi ma ya tsaya a kanka kana yi.

Zan gaya maka abin da ya same ni a farkon aikina, domin ka san dalilin da ya sa nake nanata zaman duba marasa lafiya. An kawo mini wani magidanci da farfaɗiya ta kayar, yana riƙe da hannunsa a jikin cikinsa. Na duba hoton ƙashi guda ɗaya da aka ɗauka ta gaba, na ga kamar komai yana wurinsa, na rataya masa hannun na sallame shi. Bayan wata uku ya dawo, ya zauna a gabana, na kama gwiwar hannunsa na nemi in juya hannun waje, ya tsaya cik kamar ƙofar da aka danna wa sakata. Kafaɗar ta goce ta baya tun ranar farko, kuma da na sa an ɗauki hoto ta hammata da na gani. Abin da da an mayar cikin 'yan mintoci ya zama babbar tiyata, kuma hannun bai koma kamar da ba. Har yau ina tuna fuskarsa lokacin da nake yi masa bayani. Saboda haka ka tambayi kowace cibiya kwana nawa a mako ɗalibi yake zama da malaminsa wajen duba sababbin marasa lafiya da waɗanda aka yi wa aiki shekarun baya.

Dasa gaɓar ƙarfe kuwa ka koye shi, amma ka ajiye shi a matsayinsa. Péan ya fara gwada shi a Faransa tun 1893, Neer na Amurka ya daidaita shi daga shekarun 1950, sannan a 1985 Grammont na birnin Dijon ya juya tsarin, ya sa ƙwallon a jikin allon kafaɗa, kwarmin kuma a kan damtse, domin babbar tsokar saman kafaɗa ta ɗaga hannu idan tsokoki huɗun nan sun mutu. Dabara ce mai ban sha'awa, kuma ta fi dacewa da tsofaffi. Mu kuwa wanda kan damtsensa ya rushe a wajenmu sau da yawa matashi ne mai sikila, wanda jini ya daina kaiwa ƙashin, ga tsadar kayan, ga tambayar wanda zai sake aikin idan ƙarfen ya saki bayan shekaru.

Inda nake son ka ba da ƙarfinka shi ne gwiwar hannu, domin cibiyoyi da yawa sunanta kawai suke ɗauke da shi, aikinsu kusan duk kafaɗa ne. A nan kuwa ita ce abincinmu na kullum. Yaro ɗan shekara shida ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ƙashin damtse ya karye dab da gwiwa. Idan ya zo da wuri, ka taɓa bugun jini a wuyan hannu, ka ce ya haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe domin ka gwada jijiya, ka daidaita ƙashin, ka soke shi da wayoyi biyu ko uku, bayan mako uku ko huɗu ka zare su. Idan kuwa an fara kai shi wajen mai ɗori, aka ɗaure da kara tamau a kan kumburi, jini zai iya yankewa daga tsokoki, yatsu su ƙanƙance har abada, abin da Volkmann na Jamus ya bayyana a 1881. Ba na zagin masu ɗori, domin su ne kusa da jama'a kuma su jama'a suka yarda da su, amma gyaran abin da ya biyo baya a kanmu yake faɗowa.

Haka kuma gwiwar da ta goce aka bar ta wata huɗu ko shida, ta sandare a miƙe. Mai ita ba ya iya kai loma baki, ba ya iya wanke fuska a alwala. Morrey na asibitin Mayo da ke Amurka da abokan aikinsa sun nuna a 1981 cewa yawancin hidimomin yau da kullum suna bukatar gwiwa ta motsa daga digiri 30 zuwa 130, kuma wannan ne ma'aunin da za ka sa a gabanka. Za ka buɗe, ka fara nemo jijiyar da ke bi ta bayan ƙashin gefen ciki ka kare ta, ka share tabon da ya cike kwarmi, wani lokaci ka tsawaita jijiyar tsokar baya, ka mayar da gaɓar, sannan ka sa a fara motsa ta da wuri, domin gwiwar hannu ba ta yafe dogon zama a filasta. Kada ka yi saurin tunanin gwiwar ƙarfe a nan: wanda aka dasa wa ita ana hana shi ɗaga abin da ya wuce kimanin kilo 5 har ƙarshen rayuwarsa, jarkar ruwa kuwa kilo 25 ce. Likitocin ƙasashe irin su Indiya suna ganin irin wannan gwiwa kamar yadda muke gani, don haka kada idonka ya tsaya a kan Turai da Amurka kaɗai.

Kafin ka amsa gayyatar kowace cibiya, ka tabbatar za a ba ka izinin taɓa mara lafiya, domin da yawa sun tafi sun dawo da takardar shaida alhali a bayan malam suka tsaya suna kallon allo. Ka nemi ganin littafin ayyukan wanda ya gabace ka, ka ƙirga nawa ya yi da hannunsa kuma nawa ne na gwiwa, ka tambaya ko akwai ɗakin koyon fiɗa a jikin gawa. Ƙungiyar likitocin kafaɗa da gwiwar hannu ta Amurka, wadda aka kafa a 1982, da takwararta ta Turai ta 1987, wurare ne da za ka fara bincike. Idan ka isa, ka ware rana a kowane mako ka zauna da masu gashin ƙashi, ka rubuta tsarinsu mako-mako, domin idan ka dawo kai ne za ka koya wa namu.

Ranar Alhamis in Allah ya kai mu ina da wata yarinya mai gwiwar da ta goce wata biyar. Ka zo da littafin ayyukanka tun da safe, ka duba ta da kanka kafin a shiga, ka gaya mini ta inda za ka buɗe da dalilinka. Kai za ka nemo jijiyar, ni kuma ina riƙe maka.