Na'urar kallon taurari da dutsen da aka ce daga sama ya faɗo

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 12 ya hana ni sakat sai na saya masa na'urar hangen nesa don ya ga zoben duniyar Zuhal. Na ga wata a kanti, an rubuta 525x a jikin kwalinta. In saya? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Lambar nan ta jikin kwali, wadda ke nufin wai tana ƙara girman abu sau 525, tarkon mai saye ce. Abin dubawa a na'ura shi ne faɗin gilashinta na gaba, domin shi ke tara haske. Masu harkar suna ninka faɗin gilashin a milimita sau 2 su sami iyakar girman da zai fitar da hoto garau. Mai faɗin milimita 60 ba ta wuce 120x, abin da ya haura haka dishi-dishi ne kawai. Sannan irin waɗannan ƙafafunsu kamar sillen kara suke, da an taɓa sai hoton ya hau rawa. Kwana uku yaro zai gaji, ta koma ƙarƙashin gado.

In dai zoben Zuhal ake nema, mai faɗin milimita 70 a kan ƙafa mai ƙarfi ta wadatar, a 40x ko 50x. Amma ki faɗa masa tun yanzu cewa ɗan mitsitsi zai gani, ba irin hotunan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ba. A 2025 zoben ya juyo mana gefensa har ya zama kamar zare, yanzu yana ta buɗewa har zuwa 2032.

Da ni ne, da madubin hangen nesa mai ido biyu zan fara, wanda aka rubuta wa 10x50. Ba zai nuna zoben ba, gaskiya. Amma in yaron ya jingina shi da katanga hannunsa ya daina rawa, zai ga manyan ramukan da ke fuskar wata, ya ga taurarin Kaza da 'ya'yanta sun ninka, ya kuma hango ɗige-ɗige a gefen duniyar Mushtari, wato manyan watanninta huɗu da masanin taurari Galileo ya fara gani a 1610. Gobe ya sake dubawa zai tarar sun sauya wuri. Ki sa masa manhajar Stellarium a waya ta nuna masa inda kowace take. Lokacin hazo kallo ba ya daɗi, daren da ruwa ya wanke sama ya fi. Ki kuma ja masa kunne sosai: kada ya kuskura ya saita ta ga rana, ido na iya ƙonewa nan take.

Tambaya: Wani ya kawo mini baƙin dutse, ya ce daga sama ya faɗo, maganaɗisu ma yana kama shi. Yana neman kuɗi mai tsoka. Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi.

Amsa: Alhaji, na san abin da ya ja hankalinka. Dutsen duniyar Mars mai nauyin kilo kusan 25 da aka tsinta a yankin Agadas a 2023 an yi gwanjonsa a New York a 2025 kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Wani ma ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962. Ke nan abin yana faruwa a wajenmu.

Sai dai maganaɗisu ba shaida ba ne. Yana kama tama, yana kama kashin maƙera, dutsen Mars kuwa da ƙyar yake kamawa. In ka ga ƙananan ramuka a jikinsa kamar soso, kusan tabbas ba daga sama ya faɗo ba. Kada ka biya ko dala sai an gutsuri kaɗan an kai sashen nazarin duwatsu na wata jami'a an gwada. In mai dutsen ya ƙi yarda a gutsura, mayar masa da abinsa.