Kyamarata Ta Ƙi Kunnuwa: Daga Ina Zan Fara Bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Zariya. Na ajiye kyamarata, irin wadda ake cire mata gilashin gaba, kusan wata biyar ban taɓa ta ba. Da na ɗauko ta zan fita aiki sai ta ƙi kunnuwa ƙememe, ko ƙyallin haske babu a fuskarta, duk da cewa batirin ya kwana a caji. Shin ta mutu ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin yanke mata hukunci, domin a mafi yawan kyamarorin da ke zuwa hannuna da wannan ƙorafi, wuta ce ba ta isa cikinsu ba, injin kuwa lafiyarsa lau.

Wata biyar ɗin nan da ka ambata shi ne abin da na fi zargi. Batirin litiyam yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a amfani da shi, kuma idan aka bar shi a cikin kyamara tana ci gaba da jan 'yar wuta ko da a kashe take. Idan cajin ya yi ƙasa fiye da kima, akwai wata 'yar na'urar kariya a cikin batirin da ke datse shi, daga nan kuma caja tana iya ƙin karɓarsa, ko ta nuna alamar ya cika alhali babu komai a ciki. Saboda haka kwanan da ya yi a caji ba shaida ba ce. Batura irin su LP-E10 na Canon da EN-EL14 na Nikon an rubuta musu bolt 7.4 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta), kuma idan sun cika sukan kai kusan 8.4, duk mai gyaran waya yana da mitar da zai auna maka a cikin minti ɗaya. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne ka ari batirin abokin sana'arka mai kyamara irin taka, wanda ka ga yana aiki da idonka. Idan ta tashi da shi, magana ta ƙare. Idan kuwa ka ga naka ya kumbura har yana cijewa wajen shiga ko fita, kada ka sake sa shi a caji, kuma wajen sayen sabo ka yi hattara da na jabu, waɗanda arharsu ce ke fara tona musu asiri.

Idan batirin aro bai tashe ta ba, sai ka duba murfin ɗakin batir. Mutane da yawa ba su san cewa a wasu kyamarorin, a gefen murfin nan akwai wani ɗan makunni, bai wuce kan tsinke ba, wanda wani ɗan haƙori a jikin murfin ke dannawa idan an rufe. Muddin bai dannu ba, kyamarar ba za ta kunnu ba ko da sabon batir ne a cikinta, kuma wasu kyamarorin suna da irinsa a murfin katin ajiya. Na taɓa karɓar wata da mai ita ya riga ya fitar da rai da ita, ashe haƙorin ne ya karye lokacin da ta faɗi. Da muka tokare makunnin da tsinken sakace nan take ta kawo haske. Ƙurar hunturu ma tana cushe ramin da makunnin yake ciki.

Daga nan ka haska ɗakin batirin da tocila ka dubi ƙarafunan da ke taɓa batirin. Idan sun yi dauɗa ko kore-kore saboda danshin damina, ka goge su da tsinken auduga da ɗigon sifirit, ka bari su bushe. Sannan ka cire katin ajiya da gilashin gaba da duk abin da ke jone da ita, ka bar ta babu batir na wasu mintuna, ka mayar da batirin shi kaɗai ka gwada, domin lalataccen kati ko gilashin da ƙarafunansa suka samu matsala yana iya hana ta tashi.

Idan duk wannan bai yi ba, wataƙila fis ne ya ƙone a allon wutarta, wannan kuma aikin ƙwararren mai gyaran kyamara ne. Ina roƙon ka kada ka kwance ta da kanka, domin kafasitar fitilar filasha, wato 'yar na'urar da ke tara mata wuta, tana iya riƙe bolt wajen 300 ko bayan an cire batir, kuma jan da za ta yi maka ba na wasa ba ne. Nan gaba idan za ka ajiye ta na dogon lokaci, ka cire batirin da cajinsa wajen rabi, ka riƙa ƙara masa caji duk bayan wata biyu ko uku.